Kogin da Ya Haɗiye Wata Guda

Da sunan Wanda ya rataye wata babu igiya, ya raba dare da rana babu gardama, ya ba kowane kogi hanyarsa, ya ba kowane bawa kwanakinsa. Ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku, in ba ku labarin abin da ya same ni a ƙasar Sin, can inda rana ke fara leƙowa kafin ta iso mana. Wanda ya yarda, madalla. Wanda bai yarda ba ban ga laifinsa ba, don ni ma da wani ne ya ba ni wannan labari, da sai na sa shi ya rantse.

Sunana Arzika ɗan Nomau, mutumin Gobir. Ubana mai duban wata ne, shekara talatin babu wanda ya taɓa riga shi ganin jinjirin wata a garinmu. Wata shekara ya ce ya gani, maƙwabtanmu suka ce ƙarya yake yi, aka yi ta ja-in-ja har aka tuɓe shi. Baƙin cikin nan ne ya kwantar da shi, bai kuwa tashi ba. Tun daga ranar na daina yarda da bakin mutum. In ka ce mini ina kwana, sai na leƙa waje na ga ko safiyar ce. Fatake suka ce mini a Sin akwai malaman da ke sanin ranar tsayuwar wata tun bai tsaya ba. Na sami doguwar igiyar fata na ɗaura a ƙugu, duk watan da ya tsaya in yi mata ƙulli ɗaya, na kama hanya.

Shekara bakwai ina tafiya. Na ratsa hamadar da yashinta ke kiɗa kamar ana buga ganga a ƙarƙashin ƙasa, raƙuma na jin sa suna durƙushewa. Na sauka a garin da ake kasa ƙanƙara a kasuwa ana sayarwa. Na wuce dutsen da aka sassaƙa mutane a jikinsa suna zaune, kunnen ɗayansu kaɗai ya ishi mutum biyar su fake wa ruwa. A hanyar nan na tsinci harshen mutanen Sin a bakin 'yan ayari, gurgu-gurgu dai, amma yana kai ni inda zan je.

Sai na tarar ashe ƙasar a tsage take gida biyu. Shekara arba'in kafin zuwana babban sarkinsu ya mutu, gidaje biyu suka tashi kowanne na cewa shi sama ta zaɓa. Gidan Baishan ya riƙe arewa, mahaya dawakai ne masu shan nono. Gidan Lanho ya riƙe kudu, masu jiragen ruwa ne masu shan shayi. Tsakaninsu wani ƙaton kogi, an rufe fitonsa tun shekarar, ko kare ba ya ƙetarewa. Na arewa na kiran na kudu kwaɗi, na kudu na kiran na arewa masu warin akuya. Malaman da na zo nema kuwa, wai duk kudu suka gudu da littattafansu. Haka na gangaro har Tunlin, garin ƙarshe a bakin kogi ta gefen arewa, igiyata na da ƙulli tamanin da shida.

Ban yi wuni guda a garin ba wani barde ya tare ni a kasuwa da dakaru huɗu.

"Kai baƙin mutum, wannan igiyar ta mece ce?"

"Ta ƙidayar wata ce, ranka ya daɗe."

"Ƙidayar wata aikin sarki ne. Kai sarki ne?"

Ya fizge ta ya ƙirga, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce jiragen yaƙinsu da ke ɓoye a rafin bayan gari tamanin da shida ne cif, don haka ni ɗan leƙen asirin kwaɗi ne. Wallahi ban san suna da ko kwalekwale ɗaya ba sai da ya faɗa mini da bakinsa. Amma je ka gaya wa mai takobi haka. Har an durƙusar da ni, sai wani tsoho mai ɗinkin taru ya taso daga rumfarsa yana jan ƙafa.

"Barde, wannan ai ɗan aikina ne. Ƙullin taru nake koya masa. Da ya ce maka wata, gaskiya ya faɗa, ƙulli ɗaya yake iya yi a wata. Kan jaki gare shi."

Dakaru suka fashe da dariya, barden ma ya murmusa, ya jefo mini igiyata. Na bi tsohon zuwa gidansa ina ta saƙe-saƙe, don na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Sunansa Wen Tau, a da shi ne babban mai fito na Tunlin. Mako uku ina gidansa, ban taɓa kai loma baki ba sai na ga ya fara ci. Ya lura, sai kullum ya riƙa ɗanɗana mini har ruwan sha, yana kallona yana lumshe ido. Abin ya riƙa ba ni haushi ƙwarai.

A ƙasashen nan biyu an hana kowa kusantar gaɓar kogi. Sai dai suna tsoron fushin matattu fiye da yadda suke tsoron juna, don haka duk mai makoki ana ba shi ɗan allo guda a shekara, ya je gaɓa rana ɗaya ya yi wa mamacinsa hadaya. In ka kashe allonka, sai baɗi. Ranar tara ga watan uku tsohon ya karɓi nasa, ya ɗora mini kwandon abinci, muka tafi wani wuri da ake kira Maƙogwaro, inda kogin ya tsuke har kana iya hango mutum a wancan ƙetare. Muka ratsa wasu itatuwa da furanninsu suka riga suka zube, sun fara ɗaura 'ya'ya kore ƙanana. Ya hau wani falalen dutse, ya warware farin ƙyalle ya ɗaga sama, ya tsaya. Daga hantsi har rana ta karkata yana tsaye. Dutsen da ke wancan gefen ko tsuntsu bai sauka a kansa ba.

Da ya gaji ya zauna ya ce, "Ɗan nan, na san kana jiran ka ji farashin kanka. Ga shi. Ina da ƙanwa, Wen Shu, tana aure a Yanshu, garin can da kake hango hayaƙinsa. Ni na ƙetarar da ita a jirgin ƙarshe kafin a rufe kogi. Muka yi alkawari duk tara ga watan uku, ranar da uwarmu ta rasu, kowa ya hau dutsensa ya ɗaga farin ƙyalle. Yau sau arba'in ke nan ina zuwa. Ko sau ɗaya ba ta zo ba."

"Wataƙila ta rasu, Baba."

"In ta rasu ka nemo mini kabarinta. Amma ni na san abin da ya faru. Ta sha shayinsu ta zama tasu, tana jin kunyar a ce wanta mai warin akuya ne. In ka same ta da rai ka ce mata na zo sau arba'in, kuma ban yafe ba."

Ya naɗe ƙyallensa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da na ji tausayin, don har lokacin ban gama yarda da shi ba.

Hanyar ƙetarewa ɗaya ce tak, ita ma ta matattu ce. Sau ɗaya a shekara ake tara akwatunan gawar 'yan asalin kudu da suka mutu a arewa, a kai su wani tsibirin yashi a tsakiyar kogi, a buga ƙararrawa a juyo. In na kudu sun ga jirgi ya tafi sai su zo su kwashe, babu gaisuwa babu magana. Wen Tau ne ke tuƙa jirgin. Ya haɗa akwati guda na ƙari, ya huda shi ta ƙasa, ya ce in shiga.

Na ce, "In shiga ka buga ƙusa ka tura ni ruwa, ka je ka karɓi tukuici wajen barde?"

Ya miƙo mini guduma da ƙusoshin gaba ɗaya ya ce, "Riƙe su a ciki. Da ka rage wannan halin da ka yi ƙiba."

Kwana uku bayan hawan dutsen nan na ƙetare kogin Sin a kwance, guduma a ƙirjina, ina jin ruwa na marin katako. Aka sauke ni a yashi, aka sake ɗauka, aka yi ta jijjiga ni a kafaɗun mutane har aka dire ni a wani ɗaki mai ƙamshin turare. Numfashina ya fara ɗaukewa, na ce in mutuwar ce gara in mutu a zaune. Na ture murfi na tashi. Masu ɗaukar gawa shida ne a ɗakin, ba su taɓa ganin baƙar fata ba, balle wanda ya fito daga akwati da guduma. Ƙofa ɗaya ce, amma su shidan a tare suka fita.

Na karkaɗe rigata na nufi ƙofar garin Yanshu ina jin kaina gwani. A nan wani magatakarda ke zaune yana ba baƙi takardar shiga. Ya tambayi sunana da ƙasata, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yau nawa ga wata?"

"Goma sha biyu ga watan uku."

Alƙalaminsa ya tsaya. Masu gadi suka matso a hankali. Kafin in ce me ya faru an ɗaure ni tamau, an kai ni gaban alƙalin garin, wani siririn mutum mai suna Lu Fan, wanda idonsa ɗaya ke kallonka ɗayan na kallon abin da kake ɓoyewa. Ya sallami kowa sai ni da shi.

"Yau goma sha biyu ga watan huɗu," in ji shi. "Da tambayar nan muke kama 'yan leƙen asiri, don mutum na iya sauya riga da harshe, amma ranar da ya tashi da ita takan kufce masa. Shekarar da aka rufe kogi, bokayen ɓarawon da ke kiran kansa sarkin arewa suka ce masa watan da za a naɗa shi na nahisa ne, marar sa'a. Sai ya cusa wata guda a cikin shekara, ya ce wa talakawansa sama ce ta ƙara. Tun daga nan suna bayanmu da wata ɗaya. Talakawanmu ba su sani ba, ba kuma za su sani ba, don duk wanda ya kira watan arewa a nan da kansa yake biya."

Ga takobi na jirana, amma wallahi ba shi ne ya faɗo mini a rai ba. Tsohon nan na gani a kan dutse da ƙyallensa. Nan take na gane abin da shekara arba'in ta ɓoye wa mutum biyu. Sai dai matacce ba ya isar da saƙo, dole in fara tsirar da wuyana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san wata arewa ba. A watan uku na mutu, yau na tashi. Wa zai gaya mini wata ya wuce ina kwance? A kira waɗanda suka ɗauko ni."

Aka kira su shidan. Suka ƙi shigowa, daga bakin ƙofa suka rantse da kakanninsu cewa da idonsu suka ga na tashi, ɗaya ma ya ƙara da cewa hayaƙi na fita ta hancina. Kafin azahar labari ya cika gari, jama'a sun taru a waje suna ƙona turare.

Alƙali ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ban yarda da kai ba ko na ƙwayar gero. Amma in na sare kan wanda ya riga ya mutu, babu mai ɗaukar gawar a garin nan. Tafi. Kada ka fita Yanshu, kuma ka sani inuwarka ta zama uku."

Haka kuwa aka yi, mutum biyu ya sa suna bina har bayan gida.

Ban sha wahalar samun Wen Shu ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana kiwon tsutsar alharini a wani gida a gefen gari. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, mai baki kamar reza. Na tarar tana yanka wa tsutsotsinta ganye, na gaishe ta, na rage murya na ce daga wajen wanta nake.

Ba ta daina yanka ba. "Alƙali ne ya aiko ka ka gwada ni. Koma ka ce masa ba ni da kowa a arewa."

"Iya, ya ce in gaya miki ya zo sau arba'in."

"Kowa ma ya iya faɗin haka."

"Ya kuma ce bai yafe ba."

Wuƙar ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika. "Wannan kam bakin Yaya ne," in ji ta. Sai kuma ta murtuke fuska. "Shi ne bai yafe ba? Ni da nake hawa dutsen nan duk shekara da gwiwoyin nan nawa, in dafa masa kifin da yake so in zauna in cinye abina ina kuka? Ai cewa na yi ya zama ɗan koren masu dawakai, yana tsoron a gan shi yana ɗaga wa kwaɗo hannu. Ƙarya yake yi, bai zo ba."

Na leƙa na ga inuwoyina biyu na can gindin bishiya, sannan na warware mata zancen watan da aka cusa. Ta ce ba ta taɓa jin shirme irin wannan ba, wata ai na sama ne, wane mutum ya sa masa hannu. Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce in ma gaskiya ne ta yaya za ta san ba tarko ba ne. Can sai ta ce, "Itatuwan da ke bayan dutsensa, ranar da kuka je, yaya suke?"

"Furen ya zube, sun ɗaura 'ya'ya."

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce duk ranar da ta hau nata dutsen tana hango su jajawur da fure, kuma ranar da uwarsu ta rasu haka suke, don da furen aka yi mata shimfiɗa. Nan ta yarda. Nan kuma ni na tabbata lissafin kudu ne na gaskiya, na tsohon ne ya karkace.

Wata goma sha ɗaya na yi a gidanta ina ɗebo ganye ina kwashe kashin tsutsa, tana zagina ina ramawa a zuci. Babu hanyar aika wa Wen Tau saƙo, jirgin gawa daga arewa kawai yake zuwa. Sai na kawo dabarar da na ɗauka babu kamarta. Na ce tunda allo ɗaya ne a shekara, kada ta kashe nata a ranarta, ta riƙe shi wata guda ta je a ranarsa. Ta ce in masu gadi suka gane ranar arewa ce fa? Na ce ta ce ciwo ya kwantar da ita. Ta ce shekara arba'in ba ta taɓa saɓa wa uwarta rana ba. Na yi ta matsa mata har ta amince. Ranar tara ga watan uku na kudu ta wuni a ɗaki ta juya wa ƙofa baya, ko ruwa ba ta sha ba, ni kuwa ina waje ina yaba wa kaina hankali.

Da wata ya zagayo muka tafi Maƙogwaro da sassafe, hazo ya rufe ruwa. Shugaban masu gadin gaɓa ya juya allonta gaba da baya, ya ce bai taɓa ganin mamacin da ya ɗage ranar mutuwarsa ba. Ya bar mu muka wuce, amma ya biyo mu da maharba goma. Na tallafe ta ta hau dutse, ta warware farin ƙyallenta ta ɗaga. Na riƙe mata gefe ɗaya.

Hazo ya fara yayewa. Dutsen arewa babu kowa. Abin da ke kan ruwa kuwa jirage ne, baƙaƙe, jere bayan jere, cike da dakarun Gidan Baishan, sun riga sun wuce rabin kogi.

"Ashe alama kuke ba su," in ji shugaban masu gadi, ya zare takobi ya nufo tsohuwar.

Na sha gabansa. Ba jarumta ba ce. Na zaro idanu na ce, "Ka san ni. Na je inda za ka tura ta na dawo, na kuma san hanya. Taɓa ta in riƙe hannunka mu koma tare." Ya dubi mutanensa ya ga duk sun ja da baya, shi ma ya ja. Haushin sai ya juye shi kan ruwa, ya ce a harbi jirgin gaba, wanda a lokacin ya bar layin 'yan'uwansa ya karkato kai tsaye zuwa dutsenmu. Suka saki kibau sau biyu, suka ga yawan abin da ke tafe, suka zubar da baka suka ranta a na kare.

Jirgin ya daki gaɓa, dakaru suka yi ta dirowa suna wuce mu, babu wanda ya kula da tsohuwa da baƙo. Mai tuƙin ne kaɗai bai tashi ba. Na gangara na tarar da Wen Tau jingine da sandar tuƙi, kibiya a ƙirjinsa. Na ɗauko shi na kawo shi kan dutsen, bai fi nauyin damin kara ba.

Ya daɗe yana kallonta. "Shu, ke ce?"

"Ni ce, Yaya."

"Kin tsufa."

"Kai kuma yaro ka koma ko?"

Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Watan jiya na zo. Da ana shirin yaƙi na ji wani barde na cewa kudu na gabanmu da wata guda, sai na gane. Na kashe allona na zo a ranarki, furanni duk sun buɗe. Ban gan ki ba. Na ce to, ta mutu da gaske. Shekara uku suna roƙona in ja musu jirage ina ƙi, don kina wannan gefen. Ranar na je na ce musu na yarda."

Wen Shu ta juyo ta dube ni, kallo ɗaya. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba. Ta mayar da fuskarta gare shi ta ce, "Ranarka na tsaya jira, Yaya."

"Sau nawa kika zo?"

"Da na yau arba'in da ɗaya."

"Ashe kunnen doki muka yi." Ya lalubo hannunta. "Saƙon da na aiko, ki zubar da rabin ƙarshen."

"Tun ranar na zubar, ai na san bakinka."

Ta ɗora kansa a cinyarta tana ba shi labarin 'ya'yanta da bai taɓa gani ba, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ba ta kai na huɗu ba ya cika.

Yaƙin bai yi wata biyu ba. Garuruwan kudu suka yi ta buɗe ƙofofi, sarkin Gidan Lanho ya miƙa hatiminsa, ƙasar Sin ta koma ɗaya bayan shekara arba'in da ɗaya. Aka buɗe fito, kogi ya cika da masu neman 'yan'uwansu, wasu na samu wasu na komawa da kuka. Alƙali Lu Fan ma bai rasa kujerarsa ba, hula kawai ya sauya. Sabon sarki, na Gidan Baishan, ya tara malaman gidajen biyu, suka gaya masa abin da kowannensu ya daɗe da sani, shi kuma don ya sanyaya zuciyar kudu ya yi shela cewa lissafinsu ne na ƙasa duka. Aka cire watan da kakansa ya cusa, aka ce duk wanda ya sake rubuta ranar arewa a takarda ko a dutse za a yanke masa hannu.

Duk tsawon kwanakin nan Wen Shu ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kullum sai ta zuba mini abinci ta tura mini, ni kuwa in zauna ina jujjuya shi.

A gaɓar kudu muka binne Wen Tau, kusa da dutsenta. Da lokacin kafa dutsen kabari ya yi, ta kira mai sassaƙa, ya rubuta sunan, ya ce saura ranar rasuwa, tara ga watan huɗu ke nan.

"Tara ga watan uku," in ji ta.

"Iya, wannan ai ranar arewa ce. An soke ta."

"Na sani."

Na matsa kusa da ita na ce, "Iya, naki lissafin ne daidai. Ke kika nuna mini da furanni, sarki ma ya yarda."

"Na ce na sani, ɗan nan. Shekara arba'in yana tsayuwa a ranar nan shi kaɗai, rana na dukansa. Yanzu sarki ya share ta daga duniya, wai ba a taɓa yin ta ba. A ranarsa ya gan ni, a ranarsa ya mutu. Nasa za a rubuta."

Mai sassaƙa ya ce shi yana da 'ya'ya, hannunsa kuma biyu ne kacal. Ya ajiye guduma da ƙarfensa ya koma nesa ya juya mana baya. Tsohuwar ta ɗauki gawayi, ta durƙusa da ƙyar, ta zana rubutun a kan dutsen. Sannan ta ɗauki kayan aikin ta miƙo mini, ba ta ce don Allah ba, ba ta ce dole ba. Na waiga hagu da dama, don hali zanen dutse ne. Na hango mutanen alƙali biyu a gindin bishiya suna kallona. Na durƙusa na ɗora ƙarfe a kan zanen gawayin na fara bugawa.

Tana tsaye a kaina har na kai rabi, sannan ta ce, "Zurfafa, kada ruwan sama ya cinye."

Na zurfafa.

Nan na sauke kayan hikayata. Abin da na ƙara Allah ya yafe mini, abin da na rage kuma na bar wa masu shi.